Ni ke riƙe da littafin cacar mutuwa a wurin aikinmu

Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyar ina aiki a ofishin wani kamfanin sufuri a arewacin Ingila. Abokan aikina suna da wani wasa da suke yi duk shekara. A farkon Janairu kowa zai zuba fam 20, ya rubuta sunayen shahararrun mutane goma da yake ganin ba za su kai ƙarshen shekarar ba. In ɗaya ya mutu, sai a cire shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne makin wanda ya rubuta shi. Wanda ya fi maki a ƙarshen Disamba ya kwashe kuɗin. Shekara uku da suka wuce, dattijon Baturen da ke riƙe da littafin, wanda shi ya koya mini aiki ya kuma tsaya mini lokacin da ban san kowa ba, ya ce idonsa ya gaji, in karɓa tunda na iya lissafi. Ban taɓa zuba ko sisi ba, ban taɓa rubuta sunan kowa ba. Kuɗin ne ke shigowa asusuna, ina rubuta maki, ana ba ni kashi 10 cikin ɗari na wahalata, kamar dai uwar adashi. Bana mutum 32 ne, bakwai daga ciki ba ma'aikatanmu ba ne, matan wasu ne da abokansu. Tun da na karɓi littafin nan aka fara sakin jiki da ni a ofis.

Watan jiya maiɗakina ta ga jerin sunayen a kwamfutata. Mahaifinta yana kwance a gida Najeriya wata huɗu ke nan, ana yi masa wankin ƙoda. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da Baba sananne ne, maki nawa zai kawo?" Tun ranar gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. Ba zan ɓoye maka ba, yanzu in labarin rasuwar wani babba ya shigo wayata, jerin nake fara dubawa. Kwanan nan ma wani ya roƙe ni in ba shi sunayen tsofaffin shugabannin Afirka marasa lafiya don baɗi. Shin ina da laifi tunda ba na zubawa? In zan fita, yaya zan yi da fam 640 na mutane ga shekara ta yi rabi, kuma yaya zan yi da dattijon nan? Bizata ta aiki ce, a hannun kamfanin take.

Ɗan'uwanku a Ingila

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ba surukinka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya sassauta wa masu jinya.

A duk wasiƙarka, wurin da na tsaya na sake karantawa shi ne inda ka ce jerin kake fara dubawa. Kai da ka tashi a gidan da in aka ce wane ya rasu, kafin a tambayi waye ma baki ya riga ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, yau yatsanka ne ke riga bakinka. Ba wanda ya tilasta maka faɗin wannan, kai ka gani a kanka ka faɗa, kuma da zuciyarka ta gama ƙeƙashewa da ba ka lura ba. Don haka ba faɗa zan yi maka ba. Amma ka tambaye ni ko kana da laifi, amsar kuwa ita ce e, kana da shi.

Kwatancen uwar adashi da ka kawo bai zauna ba. A adashi kowa zai kwasa, abin da ka zuba shi zai dawo maka, jira ne kawai ya bambanta, uwar adashi kuma ladan tsare amanar mutane take ci. A naku wasan mutum 31 ne za su tafi hannu rabbana domin mutum ɗaya ya cika aljihu, kuma abin da zai raba gardama wani abu ne da ba ya hannun kowa a cikinku. Wannan ita ce caca, wadda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera tare da giya ta ce a nisance su. Batun cewa ba ka zubawa, ka tuna hadisin da Muslim ya ruwaito a kan riba: ba mai ci da mai bayarwa kaɗai aka ambata ba, har da mai rubutawa da shaidu biyu, aka ce duk ɗaya suke. Kai ne mai rubutun a nan, kai ne ma'aji, kai ne alƙali, kai ne kuma mutum ɗaya tilo da yake da tabbacin samun kuɗi ko wa ya mutu ko wa ya rayu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Da dattijon bai samu mai karɓar littafin ba shekara uku da suka wuce, wa ya sani, wataƙila da wasan ya bi ruwa tun lokacin.

Da a ce a kan ƙwallo ake zubin, da nan zan tsaya. Amma ka zauna ka kalli lissafin da kake yi da hannunka. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100: a littafinka sifili ne, bai kawo komai ba. Sarauniya Elizabeth ta rasu a 2022 tana da 96, maki huɗu ke nan. Diogo Jota, ɗan ƙwallon Liverpool, kuwa, wanda ya rasu a haɗarin mota a Sifaniya tare da ƙaninsa ranar 3 ga Yuli 2025, yana da shekara 28, kwana 11 da ɗaurin aurensa, ya bar 'ya'ya uku ƙanana, da wani ya rubuta shi da ya samu maki 72. Ka ga abin da dokar wasan take koyarwa? Tsohon da ya ga jikoki da tattaɓa-kunne ba shi da daraja a wurinta. Wanda ya bar marayu da amarya shi ne babban kamu. Duk mai son cinyewa dole ya riƙa farautar labarin matashin da sankara ta kama, ko wanda ƙwaya ta fi ƙarfinsa, ya rubuta sunansa, sannan ya shekara yana leƙen waya. Za su ce maka ba fatan mutuwar kowa suke yi ba, hasashe ne kawai. Ni ban yarda ba. Ba a taɓa yin wanda ya zuba kuɗi a kan abu sannan ya riƙa addu'ar kada abin ya faru ba. In aka ce wanda ya rubuta ya samu sauƙi an sallame shi daga asibiti, akwai ɗan abin da zai sosa masa rai ko bai faɗa ba.

Abin dariyar ma, hasashen ba ya cika. A 1965 wani lauya a garin Arles na Faransa, André-François Raffray, yana da shekara 47, ya ƙulla yarjejeniya da wata tsohuwa mai shekara 90, Jeanne Calment, cewa zai riƙa biyan ta faran 2,500 (kuɗin Faransa na lokacin) duk wata, ranar da ta mutu gidanta ya zama nasa. A lissafi ya gama cin riba. Ya yi shekara 30 yana biya, ya mutu a Disamba 1995 yana da 77, matarsa ta ci gaba da biya, ita kuwa tsohuwar sai a 1997 ta cika, tana da shekara 122. Tun kafin nan, a Landan, wasu manyan masu kuɗi biyu, Lord Montfort da Sir John Bland, sun yi caca a kan wanda zai riga mutuwa tsakanin wasu tsofaffi biyu sanannu. Dukkan masu cacar suka mutu a 1755, tsofaffin suna nan da sauran shan ruwansu, ɗaya ya kai 1757, ɗayan 1761. Mu dama an gaya mana a ƙarshen Suratu Luƙman cewa babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu. Cikin mutum 32 da ke littafinka, ba wanda ya tabbata zai ga Disambar da yake jira.

Yanzu bari in yi wa abokan aikinka adalci, domin ba na son ka shiga ofis gobe kana kallon su a matsayin marasa imani. Mutanen can suna da al'adar mayar da abin tsoro abin raha. Mu muna wanke gawa da hannunmu, mu ɗauki makara a kafaɗa, mu zauna makoki kwana uku. Da yawansu kuwa sai su girma ba su taɓa ganin gawa ba, mutuwa a asibiti da gidan tsofaffi take faruwa, can nesa da ido. Barkwancin wata hanya ce ta riƙe tsoron. Shahararren mutum kuma a wurinsu hoto ne a talabijin, ba sa tuna yana da 'yar da ke kwana a kujerar asibiti. Mu ma ba mu tsira ba. Sau nawa aka kashe mutum a WhatsApp yana zaune yana shan kunu? Jaridun Najeriya sun sanar da rasuwar Nnamdi Azikiwe a 1989, ya rayu har 1996. Lokacin da Buhari ya daɗe yana jinya a Landan a 2017, mun ga irin abin da aka riƙa yaɗawa. Ga masu rige-rigen saka hoton gawa kafin iyalan mamaci su ji. Saboda haka in za ka fita, ka fita da ƙanƙan da kai, ba da wa'azi ba.

Kuma ka sani ƙyamar wannan abu ba ta Musulmi kaɗai ba ce, ko da wani zai so ya nuna maka haka. A ƙarni na 18 mutanen Landan sun mayar da sayen inshora a kan rayuwar manyan mutane marasa lafiya wata caca, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1774 da ta hana ka yi inshorar ran wanda mutuwarsa ba za ta jawo maka asara ba. Tun a 1591 Fafaroma Gregory na 14 ya haramta wa mabiyansa caca a kan zaɓen Fafaroma da tsawon zamaninsa. Kakanninsu ma sun ga abin, sun ce bai dace ba.

Akwai wani ɓangaren da na ga kamar ba ka ba shi nauyinsa ba, shi ne doka. Dokar caca ta Birtaniya ta 2005 ta yi sassauci ga ɗan zubin da ma'aikatan kamfani ɗaya ke yi tsakaninsu. Amma ku kun shigo da mutum bakwai na waje, kuɗi na bi ta asusunka, kana kuma cire kaso. Wannan ya fara kama da gudanar da caca ba lasisi, kuma sunan da ke kan komai naka ne, ba na dattijon ba, ba na wanda zai cinye ba. Ƙara da cewa kamfanoni da yawa suna da ƙa'idar da ta hana caca a wurin aiki ko da kwamfutar ofis. Ranar da wani ya ji haushi, misali wadda mahaifiyarta ke fama da irin ciwon wani da ke jerin, ta kai ƙara sashen kula da ma'aikata, su 'yan ƙasa gargaɗi za su sha, in ta yi tsanani su nemi wani aikin. Kai mai bizar aiki in aikin ya tafi, galibi kwana 60 ake ba mutum ya samu wani kamfanin da zai tsaya masa ko ya tattara. Kana tsoron fita saboda biza, alhali zaman ne ya fi yi wa bizar barazana, duk a kan fam 64 a shekara. Ka je ofishin Citizens Advice na garinku, masu ba jama'a shawara kan doka da haƙƙoƙinsu, kyauta ne, ka faɗa musu yadda abin yake, ka ji matsayinka daga bakin masu sani.

To, yaya za a fita? Abin da ba za ka yi ba shi ne ka goge littafin cikin dare, ko ka kwashi fam 640 ka kai masallaci ka ce ka tsarkake su. Kuɗin ba naka ba ne, amana ce, kuma tuba ba ta ba ka damar cin amana ba. A idon hukuma ma wannan wani laifin ne da ya fi na farko.

A ofis, ka fara da dattijon, ku biyu, ba a gaban mutane ba. Ka gayyace shi shan shayi bayan an tashi. Ka soma da gode masa, ka ambaci takamaiman abin da ya yi maka lokacin da kake baƙo, don ya san ba shi kake gudu ba. Sannan ka faɗa masa gaskiya a gajarce: surukina yana kwance rai a hannun Allah, matata ta ga jerin ta tambaye ni maki nawa mahaifinta zai kawo, na rasa amsa, addinina ma bai yarda da shi ba, na yi kuskuren karɓa tun farko, ba zan iya ci gaba ba. Ina kyautata zaton mutumin da ya ja baƙo a jiki lokacin da ba wanda ya kula shi zai fahimci wannan. Shi ma shekaru sun ja, ya san abin da asibiti yake nufi. Littafin nan a wurinsa kyauta ce ya ba ka, hanyarsa ce ta cewa ka zama namu, shi ya sa ya kamata ya ji daga bakinka kafin kowa.

Bayan nan ka rubuta wa sauran saƙo ɗaya, layi huɗu ko biyar, ba hujjoji ba zargi. Ka ce saboda dalilin iyali da na addini ka sauka daga riƙon littafin daga rana kaza, kuma ka yafe kasonka na bana. Ka ba su zaɓi biyu: ko ka mayar wa kowa fam 20 ɗinsa ta asusun da ya turo, ko su zaɓi wanda za ka miƙa wa. Ni na fi son na farko, shi ya fi tsabta, ka kuma fito fili ka ce shi ka fi so. Sai dai ka shirya, wanda ke kan gaba a maki zai yi ƙorafi, zai ce an sauya doka ana tsakiyar wasa, kuma ta fuskarsa yana da magana. In suka dage sai an ci gaba, kuɗinsu ne. Ka miƙa fam 640 cif ta banki ga wanda suka amince da shi, a rubuce, da sanin kowa, ka ajiye shaidar, ka cire jerin daga kwamfutarka da wayarka. Kada ka yarda da "ka ƙarasa mana bana kawai". Wata shida ne na ci gaba da abin da ka riga ka gane, kuma a watannin nan ne maiɗakinka take kwana da waya a ƙarƙashin matashi tana tsoron kiran asuba. Ka sa wa kanka mako biyu a gama komai.

Kason da ka ci na shekarun baya, ka lissafa shi, ba zai yi yawa ba. Malamai suna cewa irin wannan kuɗi a mayar wa masu shi in an san su, in ba zai yiwu ba a fitar da shi ga mabuƙata ba da niyyar neman lada ba. Ka tambayi limamin masallacinku wanda ya fi dacewa da halinka. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka, don haka ka ƙara da wata sadakar daga halaliyarka. Mai neman sunayen shugabannin Afirka kuwa, ba ya buƙatar dogon bayani. Ka yi murmushi ka ce a wurinmu ba a yi wa mai rai lissafin kabari. In ya matsa, ka tambaye shi cikin raha ko zai yarda a sa kakarsa. Wanzami ba ya son jarfa.

Na san abin da ke cin ranka a ƙasa shi ne komawa yadda kake a da, kana cin abincin rana kai kaɗai. Baƙunta tana da ciwo, kuma wanda bai yi zaman ƙasar wani ba ba zai gane yadda mutum ke riƙe duk igiyar da aka miƙo masa ba. Amma a shekara uku sun san ka. Abin da suka gani a wurinka shi ne mutum mai tsare lissafi da ba a taɓa kama shi da kwabon kowa ba, wannan kuwa ba ya cikin littafin, yana jikinka. Ka kai shi wani wurin. Gasar hasashen ƙwallon Firimiya ta intanet kyauta ake shiga, ka buɗe wa ofis rukuni ba zubi, wanda ya zo na ƙarshe ya kawo biskit. Duk watan Satumba ofisoshi da yawa a ƙasar suna shirya shan kofi da sayar da kek don tara wa ƙungiyar Macmillan kuɗin taimakon masu sankara, kuma kullum ana neman mai riƙe lissafi. In Sallah ta zo ka shiga da faranti. Wasu za su ja baya na ɗan lokaci, mutum ɗaya ko biyu ma wataƙila har abada. Ina kuma zaton za a samu wanda zai same ka a gefe ya ce shi ma abin ya daɗe yana damunsa.

Saura uwargida, ita ce ya kamata ka fara da ita tun daren yau, kafin dattijon, kafin kowa. Ka lura ba ta yi maka ihu ba, ba ta kira gida ta tona ka ba. Tambaya ɗaya ta yi ta koma gefe. Shirunta ba na raini ba ne. Mace ce da ke nesa da mahaifinta, ba ta iya ba shi ruwa a baki, kullum tana lissafin kuɗin wankin ƙoda da na tikitin jirgi, sai ta buɗe kwamfutar mijinta ta ga ana sa wa masu jinya farashi. Kada ka je mata da "ai ni ba na zubawa", ta riga ta san haka, ba shi ne ciwon ba. Ka ce mata ta yi gaskiya, ka ce tambayarta ta hana ka barci, ka ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba. Ka nuna mata saƙon da za ka tura wa mutanen ofis kafin ka tura, ka faɗa mata ranar da kuɗin zai bar asusunka, ranar kuma ka nuna mata ya fita. In ba ta sake nan take ba, ka ƙyale ta, kada ka tsaya jiran a yaba maka.

Sannan ka kira Baba da kanka, ba ka karɓi waya daga hannunta ka ce ya jiki ka mayar ba. Ka tambayi masu jinya sau nawa ake wankin a mako, nawa ake biya, wa ke kai shi, me ya rage. In da hali ka ɗauki nauyin wani kaso na kowane wata daga albashinka, ku kuma zauna ku duba ko za ta iya zuwa ta gan shi yanzu, yana iya gane ta yana iya sa mata albarka. Ka rubuto mini bayan mako biyun in ji yadda kuka ƙare da dattijon, da kuma jikin Baba.